Tiya Biyu

Shekara ashirin da ɗaya nake bakin sikeli
a magazan ɗin Alhaji Nomau, bayan kasuwar Kadro.
Aya, wake, riɗi, duk ta hannuna suke bi.
Littafina baƙi ne, gefensa ya sha gumi,
ban kuma taɓa ɓatar da buhu ba.

Sai ga Barira, ɗiyar Mokoyo, da kwamfuta a jaka.
Alhaji ya ce daga yau lissafi ya koma allo,
yana son ganin ribarsa kafin kokonsa ya huce.
Bakinmu ya ce to.
Cikinmu bai ce ba.

Wata biyu tana kwasar littattafanmu,
na Tibiri, na Ɗan Isa, na Madarunfa,
tana ɗura su cikin akwatin nan mai haske.
In kuran ya ɗauke ta yi tagumi,
in ya dawo ta koma ƙwanƙwasa.
Ni ko ina ba ta lamba kamar mai biyan tsohon bashi,
rabi yau, rabi sai an biyo ni.

Ran da allon ya buɗe baki, Laraba ce.
Koren layi ya hau, jan layi ya gangara,
jan kuwa Tibiri ne, rumfar Shaibu.
Buhu bakwai cikin ɗari ba a ga inda suka shiga ba.
Alhaji ya tuɓe hula ya sosa ƙeya.
Shaibu, mai 'ya'ya tara, ya kafa wa ƙasa ido.
Ba wanda ya ce ɓarawo,
amma kalmar ta shigo ta zauna a tabarmarmu,
har da miƙe ƙafa.

Daren nan tuwo bai wuce mini ba,
don na san abin da allon bai sani ba.
A Tibiri shafe ake awon tiya,
mu nan sai ta yi tozo.
Shaibu ɗanyar aya yake saye, da sanyin ƙasa a jikinta,
kwana bakwai a rana ta rame kamar mai jinya.
Buhu kalma ɗaya ce, mu uku muke rubuta ta,
kowa da nauyin da yake nufi.
Na sani tun farko. Ba a tambaye ni ba,
ni ma na ji daɗin da ba a tambaya ba.

Da asuba na je mata da tiya biyu a hammata.
Na cika wannan, na juye a waccan,
ta ga giɓin da idonta.
Ba ta yi gardama ba. Ta rufe kwamfuta,
ta hau kabu-kabu sai Tibiri.
Kasuwa uku tana zaune cikin ma'auna,
ta koma ɗaliba, 'yan dako na ba ta karatu.

Daga nan muka yi magana ɗaya:
kowa kilo, kowa da kwanan wata,
ɗanye a ce ɗanye, busasshe a ce busasshe.
Jan layin Shaibu ya miƙe.
Ɓarawon gaske ya fito, ashe a gabana yake kwana:
ƙwaro ne cikin waken da muke ɓoyo
muna jiran farashin bazara,
yana ci fiye da abin da jiran zai kawo.

Alhaji bai ba da haƙuri da baki ba,
ya aika wa Shaibu shadda yadi goma.

Yanzu da babban yatsana nake danna lamba a waya,
a hankali, ina kuskure, ina gogewa.
Baƙin littafin yana nan ƙarƙashin sikeli.
Duk Alhamis, kafin ta kai wa Alhaji rahoto,
Barira kan tsaya bakin ƙofa ta juyo mini allon:
Baba Ilu, duba wannan ta Madarunfa,
ta yi maka kama da gaskiya?
Ni kuma in ɗauko tabarau.